Yadda ake zaɓar kayan tafiya da karaban da na kwanan zango, da yadda ake aiki da su

Mai fara tafiya da karaban, wato ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaura wa mota a baya, yakan zuba kuɗinsa a kan kujeru masu naɗewa, fitilun ado da tukwane iri-iri, ya wuce sikeli bai ko kalle shi ba. Alhali duk harkar a kan nauyi take tsaye. Mota tana da iyakar abin da za ta ja, ɗakin yana da iyakar abin da zai ɗauka, ƙugiyar da ke haɗa su ma tana da tata iyakar. Yawancin ɗakunan da iyali ke amfani da su, abin da aka yarda ka ƙara musu bai wuce kilo 150 zuwa 200 ba, kuma batir da tukunyar gas da rumfa kaɗai za su iya cinye kilo 60 ko 70 kafin ka saka ko riga ɗaya. Saboda haka duk abin da zan lissafa a nan, ka riƙa tambayar kanka kilo nawa ne, kuma sau nawa zai yi maka aiki.

Kayan da ake buƙata

Na hanya su ne farko, kuma ba a rage komai a cikinsu: ƙugiyar ja da ƙwararren makaniki ya ɗaura wa motar, igiyar ƙarfe ta birkin gaggawa, ƙarin madubin gefe guda biyu, safayar taya ta ɗakin (ta mota ba lallai ta shiga ba), jak da ya dace da ƙarfen ƙasan ɗakin, safanar taya, gejin iska da famfo, weji biyu, da sikelin auna nauyin hancin ɗakin, wato nauyin da gabansa ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Ka haɗa da ɗan akwatin gyara mai filaya, sukundireba, tef, fis na canji da igiya.

Na tsaro: abin kashe gobara na hoda mai kilo 1 ko 2, bargon kashe wuta, na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, wata kuma ta kabon monoksaid, iskar guba da wuta ke fitarwa, akwatin taimakon gaggawa, da tocila mai ɗaurawa a goshi, domin hannu biyu ake buƙata a duhu.

Na zama: batir mai 12V na ɗaki, farantin sola ko wayar jona wuta, tukunyar gas da kanta da tiyonta, murhu, jarkar ruwan sha, wata jarkar daban ta ruwan wanke-wanke, katakai ko matakin roba na daidaita taya, da ma'aunin daidaito irin na magina. Idan akwai masu kwana a waje, sai tanti, turaku, guduma, tamfol, katifa mai hana sanyin ƙasa, bargo ko jakar barci, da gidan sauro.

Kujeru, tebur da sauran kayan jin daɗi, bar su sai ka yi fita ɗaya ko biyu. A lokacin ne za ka san abin da ka rasa da gaske.

1. Fara da takardar motarka

Kafin ka je ganin kowane ɗaki, buɗe littafin motar ko ka duba ɗan farantin da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji. Lambobi uku kake nema: nauyin motar ba kaya, iyakar abin da aka yarda ta ja, da iyakar nauyin da ƙugiyarta za ta ɗauka daga sama. Tsoffin hannu suna da ƙa'idar da suke bai wa sabon shiga: ɗakin, da duk lodinsa, kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. Idan motarka kilo 1,600 ce, ka tsaya a kilo 1,360. Wannan shawara ce ta masu gogewa, amma lambar da kamfanin motar ya rubuta ita ba a ƙetare ta ko da kilo ɗaya.

Ƙarfin inji kan yaudari mutane. Mota mai zafi amma marar nauyi za ta ja ɗaki sarai a miƙaƙƙen titi, sai an zo gangara ko iska ta taso daga gefe ɗakin ya fara jan ta. Ka kuma binciki dokar ƙasar da za ka yi tuƙi a cikinta game da lasisi da gudu, domin sun bambanta. A Turai duk tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma ƙwallon ƙugiya milimita 50 ne. A Amurka ƙwallayen girma uku aka fi sani, kuma da inci ake auna su. Idan bakin ɗakin, wato kan ƙarfen gabansa da ke hawa ƙwallon, ya fi ƙwallon girma, zai zauna kamar ya kama, ya fice a ramin farko.

2. Duba ɗakin da hanci da yatsa

Babban ciwon tsohon karaban shi ne danshi. Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙa. Warin rima ko ƙamshin turaren da aka fesa da yawa, duka biyun abin tuhuma ne. Bi kusurwoyi, ƙarƙashin tagogi, cikin akwatunan gado da kewayen tagar rufi, kana dannawa da babban yatsa. Bango mai lafiya tauri gare shi. Inda ya lotsa, ruwa ya riga ya ci katakon da ke ciki, kuma gyaransa kan fi kuɗin ɗakin. Idan ka samu na'urar auna danshi, ƙasa da kashi 15 lafiya lau ne, sama da 20 kuwa akwai magana.

Sai tayoyi. Tayar karaban ba ta cika sudewa ba, tsufa take yi a tsaye, rana tana dafa ta. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta kai shekara 5 ta isa canji, wadda ta haura 7 kuwa kada ka hau titi da ita ko da zanenta na nan kamar sabo. Leƙa ƙasa ka ga ko tsatsa ta ci ƙarfen, ka gwada birkin hannu, ka kunna firji da murhu da famfo a gaban mai sayarwa.

3. Lodi

A nan ake samun tafiya mai daɗi ko mai tsinka zuciya. Kaya masu nauyi, irin su rumfa, akwatin gyara da gwangwanaye, a ƙasa suke zama, a saitin tayoyi daidai. Masu matsakaicin nauyi su bi ƙasa zuwa gaba kaɗan. Akwatunan sama na tufafi ne da tawul kawai. Abin da ya fi kowane haɗari shi ne a tara nauyi a can ƙarshen baya, wai don a sauƙaƙa wa motar. Nauyin baya shi ke sa ɗaki ya riƙa kaɗa wutsiya a kan titi.

Bayan lodi sai a auna hancin ɗakin, wato nauyin da bakinsa ke dannawa a kan ƙugiyar mota. A ɗakunan ƙirar Turai ana son ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin da lodinsa, ba tare da ya wuce iyakar ƙugiyar ba. Ɗaki mai kilo 1,300 ke nan hancinsa ya tsaya tsakanin kilo 65 da 90. Tirelolin Amurka an ƙera su daban, su kan kai kashi 10 zuwa 15. Idan ba ka da sikelin musamman, na banɗaki ya isa: ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗora ɗan faffaɗan katako a kansa, ka yanko sanda mai kauri wadda tsawonta zai sa bakin ɗakin ya tsaya daidai tsayin ƙwallon motarka, ka sauke bakin a kanta a hankali. Birkin hannu a ja, weji a ƙarƙashin taya, ƙafafun kusurwa, masu tokare ɗakin idan yana tsaye, a ɗage. Idan ya yi yawa ko kaɗan, matsar da kaya taku ɗaya gaba ko baya ka sake aunawa.

Ruwa ba a tafiya da shi a cike in ba dole ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 40 ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ba ka, ga shi yana tangal-tangal a kowace kwana. In inda za ka babu ruwa, saka jarkokin a cikin mota, cike taf, a ɗaure. Duk abin da ke iya gangarawa a toshe shi da matashi ko bargo.

4. Ɗaurawa

Yi shi da tsari iri ɗaya kullum, kuma kada ka bari a ja ka da hira a tsakiya. Ɗage ƙafafun kusurwa huɗu. Juya hannun ƙaramar tayar gaba, mai ɗaga gaban ɗakin da sauke shi, har bakin ɗakin ya fi ƙwallon tsayi. Matso da motar, wani yana nuna maka da hannu daga inda kake ganinsa a madubi. Sauke bakin a kan ƙwallon har hannun da ke kan bakin ya faɗa ya kulle. Yawancinsu suna da ɗan maɓalli da ke nuna kore. Kada ka yarda da koren nan shi kaɗai. Sake juya ƙaramar tayar kamar za ka ɗaga ɗakin: idan bayan motar ya fara tashi tare da shi, ya kama. Daga nan ka naɗe tayar sama ka ɗaure ta tam.

Maƙala igiyar birkin gaggawa a wurin da aka tanadar mata, da ɗan sassauci yadda kwana ba za ta ja ta ba, amma kada ta ja ƙasa. Aikinta, idan ɗakin ya ɓalle, ta fizgi birkinsa ta tsinke. Jona wayar fitilu, mai ƙafa 7 ce ko mai 13, ka sa wani ya tsaya a baya ka gwada sigina, birki da fitilun dare ɗaya bayan ɗaya. Kai kaɗai ne? Jingina wayarka a baya tana ɗaukar bidiyo. Rufe gas daga kan tukunya, kulle tagogi da tagar rufi, saki birkin hannu, kwashe weji. Idan an taɓa kwance taya kwanan nan, tsaya bayan kilomita 30 zuwa 50 ka sake ɗaure notunan.

Wani abu da kan kuɓuce wa mutane: idan bakin ɗakinka irin mai matse ƙwallo ne don hana lilo, ba a shafa wa ƙwallon giris. A goge shi tas, ko fenti a kankare. Bakin gargajiya ne ke son ɗan maiƙo.

5. Tuƙi

Ka ba da tazara ninki biyu, ka buɗe kwana domin tayoyin ɗakin suna yanke ta ciki, ka sauko da giya kafin gangara maimakon ka kwanta a kan birki. A doguwar hawa ido a kan allurar zafi. Idan babbar mota ta wuce ka, za ka ji iskarta ta tura ka sannan ta jawo ka. Riƙe sitiyari da kyau, ka ɗan sassauta totur.

In ɗakin ya fara lilo hagu da dama, ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka miƙe sitiyari, ka bar gudun ya mutu da kansa. Taka birki da ƙarfi na ƙara shi, haka ma ƙoƙarin bin sa da sitiyari. Masu cewa a ƙara wuta don a miƙar da shi, kada ka saurare su. Da ya lafa, nemi wuri ka tsaya ka duba lodi da iskar taya, don ba ya faruwa haka kawai.

Ribas kuwa sai an koya a fili, ba a gaban jama'ar zango ba. Dabarar ita ce ka kama sitiyari daga ƙasa: inda hannunka ya nufa, can bayan ɗakin zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa. Ya karkace da yawa, ja gaba ka miƙe ka sake.

6. Zaɓar wuri da daidaita ɗaki

Ka isa da sauran rana. Sauka ka taka wurin da ƙafa kafin ka shigar da mota. Ana son ƙasa mai tauri, mai ɗan tudu, wadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Busasshen rafi, komai laushin yashinsa da kyan inuwarsa, ba wurin kwana ba ne: ruwan da aka yi a nesa, inda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa cikin dare. Ɗaga kai ka duba busassun rassa, ka duba ƙasa ko akwai gidan tururuwa ko ramuka. Ƙofa ta juya wa iska baya. Tsakaninka da maƙwabci a bar kamar mita 6 saboda gobara.

Daidaitawa gefe da gefe ake fara yi, tun ɗakin na jikin mota. Ɗora ma'auni a ƙasan ɗakin, ka ga gefen da ya yi ƙasa, ka sa katako ko mataki a gaban wannan tayar ka ja ta ta hau. In babu ma'auni, faranti mai ɗan ruwa zai nuna maka. Ja birkin hannu, sa weji, sannan ka kwance daga mota. Gaba da baya kuma da ƙaramar tayar gaba ake gyara shi. Ƙafafun kusurwa su ne na ƙarshe, a sauke su har su taɓa ƙasa su ɗan danna, da guntun katako a ƙarƙashin kowace in ƙasar na da laushi. Ba jak ba ne. Wanda ya ɗaga ɗaki da su zai murɗe daɓensa, daga baya ya rasa dalilin da ƙofa ta daina rufuwa.

Daidaiton nan ya wuce maganar jin daɗin barci. Firjin da ke aiki da gas ba shi da inji, ruwan da ke cikin bututunsa da kansa yake gangarawa, kuma in ɗakin ya karkace sosai ba zai yi sanyi ba.

7. Wuta, gas da ruwa

Inda zangon ke da wutar jonawa, warware wayar gaba ɗaya, domin wadda aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi. Fara cusa ta a jikin ɗakin, sannan a sandar wuta. Ranar tashi a fara cirewa daga sandar. Tambayi amfiya nawa suke bayarwa ka ninka da ƙarfin wutar: amfiya 10 a kan 230V wat 2,300 ke nan, amfiya 6 kuwa 1,380 kacal. Butar lantarki ta gida ita kaɗai kan ci 2,000 ko fiye, shi ya sa ta gas ta fi kwanciyar hankali.

Inda babu, batir ne gatanka. Na mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan, na ɗaki kuma don ya riƙa bayarwa a hankali tsawon dare, saboda haka kada a musanya su. Batirin dalma da aka rubuta wa 100Ah, wato yawan wutar da yake ɗauka, rabinsa ne naka. A cike yana nuna kusan 12.7V, idan ya sauko wajen 12.2V ya kai rabi, a tsaya a yi caji. Yawan zuƙe shi har ƙasa na kashe shi da wuri. Na litiyam ya fi tsada, amma ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ana iya shan kashi 80 nasa ko fiye. Fitilun LED da cajin waya ba sa cin komai. Firji mai inji ne mai ci, yakan sha 30Ah zuwa 40Ah a yinin zafi, kusan abin da farantin sola mai wat 100 zai mayar a rana mai kyau. Inuwar reshe ɗaya a kan farantin na iya zubar da yawancin ƙarfinsa, don haka na fi son mai naɗewa da doguwar waya: ɗaki a inuwa, faranti a rana. Firjin gas kuma, layinsa na 12V na lokacin da injin mota ke aiki ne kawai.

Tukunyar gas a tsaye take tafiya, a ɗaure, a akwatinta. Bayan ka ɗaura kai, shafa ruwan sabulu a mahaɗa. Kumfa ta taso, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa aka huda ramuka a ƙasan akwatin da daɓen ɗakin. Kada ka toshe su don sanyi ko ƙwari. Tiyo yana da kwanan wata a jikinsa, a canza shi in ya kai shekara 5 ko ya fara tsagewa. Mai zuwa wurin sanyi ya sani cewa gas ɗin butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, furofan kuwa yana aiki har ƙasa da haka sosai.

Gawayi, murhu ko janareta ba sa shiga tanti ko rufaffiyar rumfa, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da suka kama mutum fiye da ɗaya lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take a nemi likita.

Ruwan da ba ka yarda da shi ba, tace shi da ƙyalle ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Jarkar sha da ta datti su bambanta a launi. Inda babu banɗaki, a yi nisan mita 60 daga ruwa da zango, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe.

8. Tanti da shimfiɗa

Tantin da aka rubuta na mutum huɗu, uku zai ɗauka da jakunkunansu. Nemi mai rufi biyu, na ciki mai shan iska da na waje mai tare ruwa, wanda lambar jure ruwansa ta kai milimita 2,000 zuwa 3,000. Kafa shi sau ɗaya a gida kafin tafiya, ka ƙirga sanduna da turaku. Tamfol ɗin da za ka shimfiɗa a ƙasa ya zama bai kai faɗin tantin ba. In ya leƙo waje, ruwan rufi zai sauka a kansa ya bi ta ƙarƙashinka.

Zuge ƙofofi kafin ka buga turaku, in ba haka ba zip zai ƙi haɗuwa. Fara da ɓangaren da iska ke bugowa. Turke a karkace ake buga shi, kansa na kallon nesa da tanti, igiya kuma ta bi layin ɗinki. Ƙasa mai tsakuwa tana son turakun ƙarfe irin ƙusa, yashi yana son masu faɗi. In ba su kama ba, ɗaura igiyar a tsakiyar sanda ko jakar da ka cika da yashi, ka binne ta a kwance. A kan dutse kuwa sai a ɗaure a manyan duwatsu. Bar kafofin iska a buɗe ko ana sanyi, domin raɓar da ake tashi da ita a cikin tanti yawanci numfashin masu barci ne. Sanyi ta ƙasa ya fi shiga jiki, bargo ɗaya a ƙarƙashi ya fi biyu a sama. Takalma a kife su ko a shigar da su, da safe a kakkaɓe kafin a zura ƙafa.

Rumfar jikin karaban, idan iska ta fara ƙarfi da yamma, sauke ta tun ana gani. Cikin dare ba ta saukuwa da daɗi, kuma in ta tashi takan tafi da ƙarfen da ke riƙe ta a bango.

9. Tashi

Kashe wuta da ruwa, ka motsa tokar, ka ƙara ruwa har ka iya kusantar da bayan hannu ba ka ji ɗumi ba. Zubar da ruwan datti inda aka tanada, kwashe shara, ƙirga turaku. Sake auna hancin ɗakin, don kayan da aka ci da waɗanda aka saya sun canza lissafin jiya. Bayan ka ɗaura, zagaya motar da ɗakin sau ɗaya a ƙafa, ka kalli sama ka kalli ƙasa, ka ja gaba kaɗan ka waiwayi inda ka tashi.

A gida, tanti ko rumfar da aka naɗe da danshi a shanya su cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin su yi baƙin tabo. Tsiyaye tankin ruwa da bututu, bar ƙofar firji a ɗan buɗe, cika batir ka cire masa waya. Idan ɗakin zai daɗe a ajiye, sa weji ka saki birkin hannu don kada ya manne, ka rufe tayoyin daga rana, ka riƙa ɗan gusar da shi duk bayan wata ɗaya ko biyu.